Bijimin da Ba a Ɗora wa Kaya

A duk kwarinmu na Dolpo ba a yi matsoraci irin abokina Rabten ba, kuma shi da kansa zai gaya maka haka tun kafin ka tambaya. Yana tsoron karnukan makiyaya, yana tsoron tsawa, yana tsoron wucewa ta bayan gidan ibada in rana ta karkata. Gadar katakon da ke ƙasan garinmu, wadda tsofaffin mata ke hayewa da kwandon kashin shanu a baya suna hira, shi da rarrafe yake haye ta har ya yi gashin baki. Ni na sa masa suna Zomo. Shi kuma yana kirana Ƙafa-da-Rabi, don na faɗo daga rufin ɗakinmu ina yaro, ƙafata ta hagu ta warke a gajarce. Sunana na yanka Samdub, amma rana ɗaya tak na ji shi a bakinsa.

Bango ɗaya ne ya raba gidajenmu. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka kai mu wurin lama, malamin addininmu, koyon karatu, tare aka sallame mu da aka ga kanmu ba ya ja. Ni na koyi girki. Shi ya bi shanunmu na yak, masu gashi har ƙasa, waɗanda su kaɗai ne bai taɓa jin tsoronsu ba. Bijimin da zai tunkuyi kowa, in Rabten ya zo da gishiri a tafin hannu yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya sunkuyar da kai kamar ɗan rago.

Ya auri Bhuti, mace mai baki, wadda ke cewa ta aure shi ne don ta san ba zai taɓa iya yi mata tsawa ba. Suka haifi ɗa, bai kai ga tafiya ba ya koma. Suka sake haifar wani, shi ma haka. Ta ukun ita ce Kunzom. Tun da aka haife ta Rabten bai ƙara barci mai nauyi ba. In ta yi atishawa sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Tana 'yar shekara shida zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar lokacin sanyi, lokacin da ƙanƙara ta rufe duk hanyoyi. Mai maganin garinmu ya taɓa jijiyar hannunta, ya ba da abin da yake da shi, sannan ya daina kallon Rabten a ido. Aka kira lama. Ya duba, ya ce ranta ya riga ya kama hanya, ba abin da zai dawo da shi sai a fanshe shi da wani rai. A saki dabba ɗaya, a bar wa alloli.

Kowa a garinmu ya san yadda ake yi. Tsohuwar akuyar da ta daina ba da nono ake kawowa. Rabten kuwa ya shiga garke ya fito da Dongkar, bijiminsa mai farin goshi, wanda ya fi kowane ƙarfi, kuma shi kaɗai ne aka hora da hawa, don Kunzom kan hau shi ta riƙe gashin wuyansa su zaga gari.

Na ce, "Zomo, ka haukace? Da me za ka yi fatauci? Ga akuyar surukarka can ko haƙori babu."

Ya ce, "Ƙafa-da-Rabi, kai ka ɗauka alloli makafi ne? In na ba su mara haƙori, su ma su ba ni 'ya mara numfashi?"

Lama ya shafa wa Dongkar man shanu a ƙaho da goshi, ya zuba masa ruwa a gadon baya, ya ɗinka jan zare a kunnuwansa biyu. Ya faɗi sharaɗin a gaban mutane: ba kaya, ba hawa, ba igiya, ba wuƙa, har ranar da zai mutu don kansa. Muddin aka kiyaye, ran yarinya yana nan. Bai faɗi abin da zai faru in an karya ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Kunzom ta tashi. Ni na gani da idona, ta nemi shayi.

Daga nan tsoron Rabten ya sami wurin zama guda. Kullum da safe, kafin ya leƙa 'yarsa, sai ya leƙa bijimin. In ɗan tsako ya hau bayan Dongkar sai ya kore shi. Ya taɓa marin wani yaro da ya rataya hularsa a ƙahon, shi da ko ƙuda ba ya iya kashewa, ya kuma yini yana ba uwar yaron haƙuri.

Da fataucin gishiri ya mutu, sai muka koma rakiyar baƙi, Turawan da ke zuwa su taka duwatsunmu da ƙafa don sha'awa. Ni ina dafa musu abinci, Rabten yana ɗaukar musu tantuna da buhuna a kan shanunsa. Dongkar kuwa ba a ɗaure shi, ba a kora shi, inda ya ga dama yake zuwa, kuma inda yake ganin dama kullum shi ne bayan Rabten. Haka muke tafiya: shanu uku suna nishi da kaya, ƙaton bijimi yana gaba ba komai a bayansa, jan zare yana kaɗawa a kunnensa. Baƙi suna son ɗaukar hotonsa. Ni kuwa nakan ce, "Ga maigidan tafiya nan, mu duka barorinsa ne."

Tafiyarmu ta ƙarshe a ƙarshen kaka ce, bayan an gama girbin sha'ir. Rabten yana fama da tari tun damina, Bhuti ta ce ya zauna, ya ce daga wannan sai hutu. Ranar tashi Kunzom, wadda ta fara zama budurwa, ta shafa wa ubanta man shanu a goshi, ta shafa wa bijimin, sannan ta cika ƙoƙon uban da shayinmu mai man shanu ta ɗora a kan kantar ɗaki, kamar yadda ake yi don matafiyi ya dawo ya tarar.

Ta ce, "Baba, in ka zo gada ka riƙe wutsiyar Dongkar, kada ka ba mu kunya gaban baƙi."

Ya ce, "Kin ji ta ko? Bakin uwarta sak."

Baƙinmu biyu ne, wani dattijon Bature da matarsa. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, muka sa masa Dogo. Mutumin kirki ne, yana cin tsampa, garin soyayyen sha'irinmu, yana shaƙewa yana dariya. Jagoran tafiyar Hemraj ne, mutumin ƙasa-ƙasa inda ake noman shinkafa, shi ke jin yarensu. Mun taho da doki ɗaya saboda ko-ta-kwana, amma ya gurɗe a hanya muka bar shi a garin baya.

Akwai wani fili da muke yada zango, tsakanin mashigar dutse biyu. Kamar ƙwarya yake. Ko gaba za ka ko baya, sai ka hau kafin ka sauka, kuma ko a gindinsa iska ba ta cika ƙirji. Ba itace, ba ciyawar kirki, ba mutum, don makiyaya sun riga sun sauka. A nan ciwon dutse, wanda ƙarancin iska ke jawowa, ya kama Dogo.

Da safe na kai masa shayi na tarar yana zaune yana ƙoƙarin sa takalmi a hannu. Leɓunansa sun yi shuɗi. Ya tashi tsaye ya yi tangaɗi kamar mashayi ya faɗi. Mun sha ganin wannan ciwo, mun san maganinsa ɗaya ne: a sauko da mutum ƙasa, yau, ba gobe ba. Hemraj ya ba shi ƙwayoyi, ya ɗaga wayarsa sama ya juya gabas ya juya yamma, ba ta kama komai ba. Ko da ta kama, gajimare ya riga ya toshe bakin kwarin, baƙi ƙirin, jirgi mai saukar ungulu ba zai shigo ba. Iskar da ke busowa tana da warin ƙanƙara. In ta sauko muna cikin ƙwaryar nan, sai bazara a zo a tsince mu.

Muka sauke kayan ɗaya daga cikin shanun muka gwada ɗora Dogo a kansa. Sa ɗin bai taɓa jin ƙafar mutum a haƙarƙarinsa ba, ya yi tsalle ya watsar da shi, da ƙyar muka tare kansa daga dutse. Na biyu ko kusa bai bari mun zo ba. Na uku ya gudu.

Sai duk idanunmu suka koma wuri ɗaya. Dongkar yana tsaye gefe yana tuƙa, bayansa shimfiɗe kamar gado.

Hemraj ya ce, "Yaya Rabten."

Rabten ya ce, "A'a."

"Ban ma faɗa ba tukuna."

"Na ji ka tun ba ka faɗa ba. A'a."

"Yaya, mutum zai mutu. Rai ne fa. Lamanku ma in yana nan cewa zai yi a ɗora. In mun sauka ni da kaina zan raka ka, a kunna fitilu, a yi duk abin da ake yi na neman gafara."

"In mun sauka mun tarar da me?" in ji Rabten. "Ƙanena, kana da 'ya? Na binne biyu. Ba ka san yadda suke da rashin nauyi ba in an ɗauko su."

Matar Dogo ba ta jin abin da muke faɗa, amma ta ga inda idanunmu suke. Ta zo ta kama hannun Rabten da hannu biyu, tana nuna bijimin, tana nuna mijinta, tana kuka. Ta durƙusa a kan duwatsu. Rabten ya rufe fuska da hularsa. Ni kaina ban san abin da nake so ya yi ba. Ina kallon Baturen nan yana kumfa, ina kuma ganin fuskar Kunzom da ƙoƙon shayi a hannunta.

Can sai ya sauke hular ya ce, "Ƙafa-da-Rabi, juye kwandon tukwanenka."

Na ce, "Me za ka yi?"

"Miya zan yi. Juye mana!"

Ya yanke gefen kwandon da wuƙa yadda ƙafafu za su fito, ya shimfiɗa bargo. Muka cusa Dogo a ciki muka ɗaure shi da igiya. Rabten ya tsuguna, ya ɗora maɗaurin a goshi, daidai inda 'yarsa ta shafa mai. Na ce mu riƙa karɓa-karɓa. Na karɓa kuwa, ban yi nisan jifa ba gajeriyar ƙafata ta ci amanata, muka zube ni da Baturen. Hemraj ya gwada, shi da kansa numfashi yake nema, ya yi amai ya zauna. Rabten ya ce, "Ku ba ni kayana, kun ishe ni."

Muka bar tantuna da buhuna a wurin, muka kama hawa.

Mashigar da ke gabanmu muna kiranta Wuyan Doki. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, tsakuwa ce mai zamewa, hagunka rami ne wanda in dutse ya faɗa ba ka jin saukarsa. Ko ranar da ba kaya Rabten da ido ɗaya a rufe yake bin ta. Ran nan ina bayansa ina tallafe gindin kwandon, ina jin addu'arsa tana fita guntu-guntu tsakanin tari. Taku kaɗan ya tsaya, taku kaɗan ya tsaya. Ƙafafun Dogo suna reto har suna taɓa ƙasa. Ƙanƙara ta fara sauka tsilli-tsilli, sannan ta haɗu da iska ta riƙa dukanmu a fuska.

Dongkar kuwa yana gefensa. In Rabten ya tsaya, ya tsaya. In ya taka, ya taka. Wani wuri kwandon ya karkata wajen bijimin har gwiwar Baturen ta kusa sauka a bayansa, Rabten ya yi wata ƙara ya fizge jikinsa wajen ramin. Tsakuwa ta zube ƙarƙashin ƙafarsa. Na riƙe igiyar da haƙori da hannu. Ban san yadda muka tsaya ba.

Na ce, "Zomo, kashe mu za ka yi!"

Ya ce, "Ta taɓa? Gwiwar ta taɓa shi?"

"Ba ta taɓa ba."

"Rantse."

"Na rantse da fitilar gidan ibada, ba ta taɓa ba. Tafi!"

Da muka kai ƙoli, wurin tarin duwatsu da tutocin addu'a, al'ada ce kowa ya ƙara dutse ya ɗaga murya ya ce alloli sun yi nasara. Rabten bai iya sunkuyawa ba. Na sa masa dutse a hannu ya saki a kan tarin. Ya buɗe baki, murya ba ta fito ba. Da ya tofar da yawu a kan ƙanƙara sai na ga ja. Ya ga na gani, ya take wurin da takalmi.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa. Bai ajiye kwandon ba, ya ce in ya ajiye ba zai iya ɗauka ba. Haka muka yi ta sauka har muka fita daga ƙanƙarar, har muka fara ganin ƙananan ƙayoyi, har muka iso bakin wani rafi da rana ta karkata. A nan Dogo ya buɗe ido ya kira sunan matarsa, ya nemi ruwa. Rabten ya ji. Ya durƙusa a hankali, muka kwance maɗaurin, ya bar masa rami a goshi. Ya jingina da dutse ya ce bari ya ɗan huta.

Bai ƙara tashi ba.

Ƙirjinsa yana ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Hemraj ya sa kunne ya saurara, ya ja ni gefe ya ce wani abu ya tsinke a ciki, akwai gari a ƙasa mai ɗakin magani, in an kai shi kafin duhu wataƙila. Ya ce zai ruga ya zo da dawakai, amma zuwa da dawowa zai ci lokaci. Ya kalli bijimin, ya kalle ni, ya ruga.

Na tsuguna gaban abokina. Na ce, "Zomo, ka ji ni. Baƙo ya tsira. Yanzu kai ne. Kai ka raine shi, kai ka ba shi gishiri da hannunka. In ya ɗauke ka ba kaya ya ɗauka ba, ubansa ya ɗauka. Alloli ba makafi ba ne, kai ka faɗa."

Ya yi murmushi, haƙoransa da jini. "Ka iya wa'azi yau. Da haka ka yi a gaban lama da ba a kore mu ba."

"Bar wasa. Kunzom tana jiranka. Ta girma, ta yi ƙarfi, ciwon nan ya wuce tun tuni."

"Ka tabbata?"

Na buɗe baki zan ce na tabbata. Sai na fasa. Ni ma a garin nan aka haife ni, ni ma ina wurin ranar da aka ɗinka zaren, na kuma ga yarinyar da aka fid da rai da ita ta tashi ta nemi shayi.

Ya ce, "Ka gani?"

Na gwada goya shi. Na ɗaga shi, muka yi 'yan taku, muka faɗi, ya yi tarin da na ɗauka ransa ne zai fita. Matar Dogo ta kama ƙafafunsa muka gwada tare, ita ma ba sauran ƙarfi a jikinta. Muka mayar da shi jikin dutsen. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe shi.

Sai ya kama wuyan hannuna. Ya ce, "Samdub."

Na ɗago na dube shi.

"Tsoro nake ji, Samdub. Ina jin tsoro ƙwarai. Kada ka tafi ko'ina."

"Ina nan."

"In na suma, kada ka ɗora ni. In na mutu ma, kada ka ɗora gawata. Ka ce ka yarda."

Na kau da kai ina kuka.

"Ka ce mana, gurgun banza, ba ni da lokaci."

Na ce na yarda.

Dongkar ya matso ya kwanta a gefensa ta inda iska ke bugowa. Rabten ya miƙa hannu zai dafa shi, ya tuna, ya janye, ya kama jan zaren kunnen kawai da yatsu biyu. Na riƙa karanta masa 'yar addu'ar da na iya, ina maimaitawa, don ban san wata ba. Rana ba ta gama faɗuwa ba ƙarar ƙirjin ta tsaya. Da dawakan suka iso, a kan ɗaya daga cikinsu muka ɗora shi.

Dogo ya warke, ya koma ƙasarsu. Hemraj ya zo har garinmu ya zauna da mu kwanakin addu'a. Har yau yana cewa da an ɗora tun da safe da duka biyun suna raye. Ba na yi masa musu. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma shi bai shigo gari tare da ni ran nan ba, lokacin da na hango gidan Rabten daga kan gada na tsaya ina neman hayaƙi a rufin, ina sauraron ko zan ji kuka. Sai ga Kunzom ta fito da gudu, lafiyarta ƙalau, kumatunta jajur. Ta ga bijimin, ta gan ni, ta leƙa bayana. Ƙoƙon shayin yana nan a kan kantar inda ta ajiye, man ya daskare a samansa.

Na daina rakiyar baƙi. Kunzom ta yi aure, tana goyon ɗa namiji mai kunnuwan kakansa. Dongkar ya tsufa, gashinsa yana zuba, haƙoransa sun ƙare, ni nake jiƙa masa tsampa da ruwan ɗumi in ba shi a hannu. Lama ya ce in ya mutu don kansa ba komai, alkawari ya cika. Na ji, na kuma yarda. Duk da haka kullum da safe, kafin in hura wuta, sai na ja ƙafata zuwa garke na tsaya daga nesa ina kallon cikinsa, in ga ko yana ɗagawa. Jiya wani tsuntsu ya sauka a gadon bayansa, ban san lokacin da na jefe shi da takalmina ba.